Dutsen da Ban Tambaya Ba

Mun tashi da asuba daga Wasagu ranar Asabar ɗin da ta wuce, mu huɗu: ni da maiɗakina da 'ya'yanmu mata biyu. Ana sallame salla muka nufi tasha, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu, ƙanshin dawar da ta fara nuna ya cika hanya. Zuru muka nufa, yini ɗaya tak, mu ga gari mu dawo kafin rana ta faɗi.

Ku da kuke bibiyata kun san ni bakaniken babur ne, karatuna bai wuce allo da firamare ba, abin da na saba rubuto muku kuma bai wuce labarin hanya da tsadar taya ba. Yau sai kun yi haƙuri da ni, don laifina zan faɗa.

A Zuru aka haifi maiɗakina. Mahaifinta soja ne. Tana da shekara tara mahaifiyarta ta rasu, aka kawo ta Wasagu wurin dangin uba, ba ta sake komawa ba. Ranar da ta tare na yi mata alkawari zan kai ta. Shekara goma sha huɗu ke nan. A cikin shekarun nan da wuya wata ya wuce ban shiga Zuru sayen kayan gyara ba. In je ni kaɗai, in dawo ni kaɗai. In ta yi magana in ce hanya ba kyau, ko in ce a bari a gama girbi. Har ta daina tambaya, ni kuma don wauta na ɗauka ta manta.

Bana, da damina ta yi nisa, ta sake ɗaga maganar sau ɗaya. Tana tankaɗe, ko dubana ba ta yi ba, ta ce, "Malam, ina son in ga dutse kafin ya ƙare."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce ina aka taɓa jin dutse ya ƙare, ai Zuru duk duwatsu ne, jikokin jikokinmu ma za su same su. Ba ta yi dariya ba, ta ci gaba da tankaɗenta. Shirun nan ya kwana uku a raina. Jikina ya ba ni in na saɓa wannan karon ba za ta sake roƙona komai ba, za mu ƙarasa rayuwa a gida ɗaya kamar baƙin da suka haɗu a tasha. Shi ya sa na sa rana.

Ranar Juma'a da yamma na tara su a tsakar gida, na yago murfin kwalin filogi, na ce tunda yini ɗaya ne kowa ya zaɓi abu ɗaya. Babbar, mai shekara goma sha biyu, ta ce kadojin da ta ji labarinsu a makaranta. Ta miƙo hannu ta ɗauki biro za ta rubuta da kanta, da hagu kamar yadda ta saba, na buge hannun na karɓe. Tun tana ƙarama nake faɗa da hannun nan. Auta ta ce askirim, sannan tana son ta hau bene, don ba ta taɓa hawa ba. Na ce abu biyu ke nan, ta ce ai a saman benen za ta sha. Maiɗakina ta ce, "Dutse." Na rubuta dutse. Ban tambaye ta wanne ba. Ni kuma na rubuta kasuwa, na ce don su ga atamfofi. Gaskiyar magana, buhu na naɗe a hammata, sarƙa da birki nake son in sayo, kuma kasuwar na ba lokaci mafi tsawo. Ko tafiyar da na ce don ita na shirya sai da na ɓoye tawa a ciki.

Motar ƙaramar bas ce, an cika ta har ƙofa tana rufuwa da ƙyar. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na sani. Direba ya ɗora laifin a kan mai, mai kuma ba ya da bakin da zai kare kansa. Kafin mu tashi ya ja kunnen duk mai niyyar dawowa a ranar: motar ƙarshe tana barin Zuru ana idar da la'asar, don yanzu ba direban da yake yarda magariba ta same shi a wannan hanya. Kowa ya san dalili, tsoron 'yan bindiga ne.

Hanyar tana da wuraren da kwalta ta haƙura ta bar wa ramuka. Amma ƙarshen damina ya yi wa dajin ado. Dawa ta fi tsayin mota, hazon safe yana kwance a kwari kamar an shanya farin zane, shanun Fulani suna fitowa daga cikinsa ɗaya bayan ɗaya, ƙaho kafin jiki. A Ribah muka tsaya aka sauke buhuna, na sayi ƙosai mai zafi da dafaffiyar gyaɗa ta taga. Mun wuce shingen sojoji biyu, a na biyun wani ya leƙo ya tambayi auta ina za ta, ta ce bene, ya sara mata. Maiɗakina tana jikin taga, ƙosanta ya huce a hannu. Da duwatsun Zuru suka fara bayyana, shuɗi-shuɗi daga nesa kamar ba a ƙasa suke zaune ba, na taɓa ta na nuna mata, ina jin kaina kamar ni na dasa su. Ta gyaɗa kai kawai.

Mun sauka da hantsi. Garin da na saba shiga da sauri, idona a kan shagon kayan gyara, ranar sai na gan shi kamar sabo. 'Yan kabu-kabu suna ta kiran fasinja, masallaci a nan coci a can, tsofaffin sojoji suna zaune a inuwa da rediyo, an tsufa amma bayan a miƙe yake. Muka zauna wurin wata mai waina muka karya, da miyar taushe da kunun gyaɗa. Matar ta juya ta yi wa maƙwabciyarta magana da Dakarci, sai na ji maiɗakina ta sa baki ta amsa da kalma biyu ko uku. Ita kanta ta firgita, ta rufe baki da mayafi. Mai waina ta ƙara mata waina biyu kyauta. Shekara goma sha huɗu muna tare ban san akwai wannan yaren a bakinta ba.

Babur biyu muka ɗauka zuwa wurin kadoji. Kurmi ne mai duhu da sanyi, itatuwa sun haɗe ta sama, ruwa yana kwance a ƙasa shiru, kore kamar ganye. Dattijon da yake kula da wurin ya gaya mana inda za mu tsaya da inda ba a takawa, muka bi yadda ya ce, don wurin yana da girma a wajen masu shi. Mun daɗe ba mu ga komai ba sai wani gungume a bakin ruwa. Auta ta ce an cuce mu. Sai gungumen ya buɗe ido. Ta ɗare jikina kamar ƙadangare, babbar kuwa ta tsaya ko ƙiftawa ba ta yi, har kadan ya zame cikin ruwa ba tare da ƙara ba, ruwan ya rufe kamar ba abin da ya taɓa shiga. Na ciro kwalina na ja layi a kan kadoji.

Na auta bai ba da wahala ba. Muka sami wani bene mai shaguna a bakin titi, na sayi askirim a ƙasa, ta hau tana ƙirga matakala da ƙarfi, ta tsaya a sama tana sha tana ɗaga wa mutanen da ba ta sani ba hannu. Rabinsa ya narke ya bi gwiwar hannunta. Na ja layi na biyu, na duba agogo, na ga muna kan tsari, na yaba wa kaina.

Daga nan na tambayi ɗan kabu-kabu dutsen da ya fi tsawo wanda ake iya hawa, ya kai mu gindinsa. Maiɗakina ta dubi dutsen, ta dube ni, ta buɗe baki. Na ce a yi sauri rana tana yi. Ta rufe bakin, ta gyara ɗaurin zane, ta bi bayana da silifas.

Hawan ya ci mana fiye da awa. Ciyawa har ƙugu, fara tana tashi a gabanmu, nan da can ga jerin duwatsun da magabata suka shirya da hannu lokacin da suke zaune a sama. Na goya auta rabin hanya. A ƙoli iska ta buso mai sanyi, garin duka ya kwanta a ƙasa, kwanon rufi yana walƙiya, gonaki sun kewaye shi, inuwar gajimare tana tafiya a kansu a hankali kamar garke. Kiran sallar azahar ya taso daga wurare da yawa, yana isowa sama a gauraye. Muka yi alwala da ruwan gorarmu muka yi salla a kan fa. Da muka idar na buɗe hannu na ce, "To, ga dutsenki. Alkawari ya cika."

Ta ce, "Na gode, Malam." Amma ba faɗin garin take kallo ba. Wata unguwa take kallo can gefe, inda wata farar ƙura take tashi kaɗan-kaɗan kusa da wata babbar itaciya.

Babbar ce ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa, tana ja da baya kamar mai tsoron mari. "Baba, ba wannan ba ne. Dutsen niƙan Kaka take nufi. Kullum tana ba mu labarinsa. An ce masu fasa dutse sun kusa cinye shi."

Auta ma ta ce ta sani, dutsen nan ne mai tsamiya. Kowa a gidana ya sani sai ni.

Abin da na fara yi shi ne fushi, kuma ina jin kunyar rubuta wannan. Na ce don me ba ta faɗa ba, ta bar mu muka sha wannan wahala. Ta juyo ta dube ni, babu faɗa a fuskarta.

"Na faɗa, Malam. Ka rubuta."

Na duba kwalin da ke hannuna. Ga kalmar nan da rubutuna, har na ɗora biro zan ja mata layi. Na duba agogo: saura awa biyu da 'yan mintoci motar ƙarshe ta tashi, saukowa kuma za ta ci nata. Lokacin da ya rage na kasuwa ne, nawa. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na yi tunanin baburan mutane uku da suke jiran sarƙa a shagona. Sannan na ja layi a kan kasuwa, na ce mu sauka.

A hanyar sauka ta ba ni labarin, karo na farko da na saurara, ko da yake ta ce ba shi ne karo na farko da ta faɗa ba. Lokacin da mahaifinta yake bakin aiki a nesa, ita da mahaifiyarta suna haya a wata unguwa a gefen gari. Bayan gidajen akwai falalen dutse mai faɗi, a kansa matan unguwa suke niƙa, kowace da gurbinta da ya lotsa saboda shekaru. Na mahaifiyarta shi ne na uku daga tsamiya. Ba ta da hoton mahaifiyarta ko ɗaya, kabarin ma ba ta san inda yake ba. Gurbin nan kaɗai ta san hannun uwarta ya taɓa. Watan jiya wata mai sayar da manja da ta zo daga Zuru ta gaya mata ana fasa falalen ana sayar wa magina.

Neman wurin ya fi hawan dutse wuya. Daga sama mun ga ƙurar, a ƙasa kuwa gidaje sun rufe ko'ina. Inda maiɗakina ta san fili ne yanzu shaguna, inda ta san rijiya an yi katanga. 'Yan kabu-kabun da muka ɗauka matasa ne, da injin niƙa suka tashi, ba su san zancen ba. Muka shiga lungu muka fito, muka sake shiga wani. Muka dinga tsayar da masu wucewa muna tambaya. Wani tsohon soja da ke gyaran rediyo a ƙofar gida ya saurare mu, ya ce mu daina tambayar mutane, mu kashe injin mu bi ƙarar guduma. Aka kashe babura. Can sai muka ji ta, ƙwas, ƙwas, a hankali, tana gauraye da muryoyin matan coci da suke gwajin waƙa suna buga tulu. Muka bi da ƙafa.

Tsamiyar muka fara gani. Falalen kuwa an cinye fiye da rabinsa, tsakuwa tsibi-tsibi a gefe, maza biyu suna aiki da guduma, fuskokinsu fari fat da ƙura. Abin da ya rage bai fi faɗin ɗaki biyu ba, daga gindin tsamiya. A kansa ga gurabe a jere, na ƙirga biyar, ruwan saman shekaranjiya yana kwance a cikinsu, kowane da guntun sararin sama a ciki. Maiɗakina ta tuɓe silifas ta hau. Ɗaya, biyu, uku. Ta durƙusa.

Wata tsohuwa tana shanya barkono a ƙarshen falalen, da sarƙar gicciye a wuya. Ta daɗe tana kallon bayan maiɗakina, sannan ta taso tana dogara sanda, ta kama haɓarta ta juyo da fuskar, ta ce ta buɗe baki. Da ta ga wushiryarta, irin ta mahaifiyarta, sai ta saki sandar.

"Ɗiyar Bahaguwa. Kai ne?"

Haka Hausarta take, ta ce wa mace kai ta ce wa namiji ke. A da ina cikin masu dariyar irin wannan a tasha. Ranar ban ji abin dariya ba. Suka rungume juna, suna magana rabi Hausa rabi Dakarci. Ashe gurbi na biyu nata ne, shekaru suna niƙa kafaɗa da kafaɗa, ita tana waƙarta ta coci, mahaifiyar maiɗakina tana salati, in ɗaya ta gaji ɗaya ta ƙarasa mata. Ita ce ta hana masu fasa dutse isowa tsamiya, kullum sai ta shanya wani abu a wurin, yau barkono gobe kuɓewa. Amma ta ce an riga an sayar, bayan girbi za su ƙarasa.

Ta tambayi inda aka kai yarinyar, aka ce Wasagu. Ta tambaya ko ni ne mijin, da shekarun auren. Na faɗa. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Goma sha huɗu? Daga Wasagu? Ke, da rarrafe kuka taho?"

Masu guduma suka yi dariya. Na ce, "Laifina ne, Mama." Ta ce ta sani, ai ba ta tambayi na wane ne ba.

Sannan ta kwashe ruwan gurbi na uku da tafin hannu, ta ce mu duba. Sauran guraben sun lotsa a tsakiya ko sun ɗan karkata dama, wannan kuwa hagu ya karkata, don mai shi da hagu take danna ɗan dutse. Ta shiga gida ta fito da wani ɗan dutse mai santsi kamar sabulu, da dawa cikin tafin hannu. Maiɗakina ta gwada, ɗan dutsen yana zamewa, bai zauna ba. Babbar ta matso, ta saci kallona, ta durƙusa, ta ɗora hagu a gaba. Dutsen ya zauna a gurbin kamar an auna. Ƙarar niƙan ta tashi, gurr, gurr, masu guduma suka dakata, waƙar matan can tana ta zuwa tana komawa da iska, ganyen tsamiya yana sauka a kan garin dawar. Maiɗakina ta rufe ido, hawaye yana bin kumatunta, tana murmushi. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Ni dai hannun nan nake kallo, wanda na yi shekaru ina bugewa.

Kiran la'asar ne ya farkar da mu. Tsohuwar ta ce a tafi da ɗan dutsen. Ta ce ba za ta rantse na Bahaguwa ne ba, don sun sha musanya, amma tabbas hannunta ya riƙe shi. Na warware buhun da na kawo don sarƙa da birki na sa shi a ciki, da ƙullin barkono da ta ƙara mana. Muka yi salla a masallacin tasha a gurguje, muka sami motar ƙarshe direba ya riga ya tayar. Da ya ɗaga buhun ya ce, "Bakanike, yau kuma wane irin ƙarfe ka sayo?" Na ce wanda ba ya tsatsa.

A hanyar dawowa yara suka yi barci tun kafin Ribah. Rana ta yi ja a kan dawa, duwatsun suna komawa shuɗi a bayanmu har suka narke. Maiɗakina ta rungume buhun a cinya. Na tambaye ta wace irin murya mahaifiyarta take da ita. Ta dube ni kamar ba ta gane ni ba, sannan ta fara faɗa, ba ta tsaya ba har muka shiga Wasagu ana kiran magariba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. In za ka kai iyalinka ganin gari kuma lokacin kaɗan ne, barin kowa ya zaɓa bai isa ba. Ka tambaye shi wanne, ka tambaye shi don me, ka rufe bakinka har ya gama. Na hau da matata dutse mafi tsawo a Zuru, abin da take nema kuwa bai fi faɗin akushi ba, kuma da na ƙara cewa a bari a gama girbi, da tsakuwa za mu tarar. Na nemi gafararta, ta ce ta yafe. Ina roƙon Allah Ya yafe mini sauran.

Masu babura uku sun yi mini mita da safe, na ba su haƙuri. Ɗan dutsen yana ɗakinta a kan akwati. Kwalin kuma yana aljihuna, kalma ɗaya ce a ciki ban ja wa layi ba. Jiya na miƙa wa babbar biro na ce ita za ta ja. Ta kawo dama tana kallona. Na ce, "A'a, da hannun Kakarki."